'Ya'yan Agwagwar da Ruwa Ya Kawo

Ruwan sama ne ya kawo su. Bayan mamakon da ya cika lungunan unguwar Gobarau, Rashida ta fito zubar da shara, sai ta ji wani siririn kuka daga lambatun ƙofar gida. 'Ya'yan agwagwa ne shida, sun maƙale a jikin wani tsohon buhu, ruwa na jan su. Uwarsu na kwance a bakin hanya, babur ya bi ta kan wuyanta. Rashida ta tattare zane ta shiga har gwiwa, ta tsamo su ta zuba a gyale.

Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin ƙurya na gidan gadon su marigayin, tana toya ƙuli-ƙuli. Gidan kuwa a hannun yayan marigayin yake, Malam Lawal, mutumin da ko tabarma aka shimfiɗa ba da saninsa ba sai ya yi magana.

Ta sa su a kwando kusa da murhu, ta lulluɓe da tsohon ɗankwali. Takan jiƙa musu dusa da tsakin gero, ta tono musu gara a gindin katanga. Robar wankinta ta zama tafkinsu. Da suka yi ƙwari, duk inda ta sa ƙafa suna biye da ita a jere, suna tsattsagar bakin zanenta.

"Mi ye wannan ƙazanta a inda nake alwala?" in ji Malam Lawal.

"Yaya, ina sharewa safe da yamma. Ka bari su ɗan ƙara girma."

Ya ɗauki butarsa ya wuce. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ta matso tana shan ruwan da ke zuba daga butarsa. Ya dube ta, ya ɗaga ƙafa da takalmi ya taka, kuma bai yi saurin ɗagewa ba. Rashida na tsaye da tsintsiya a hannu.

"Ki fid da sauran yau," ya ce, "ko in zuba su masai."

Ta zaga maƙwabta, babu mai karɓa, kowa na gudun bakin Malam. Ta zuba su a kwando ta tari keke mai ƙafa uku zuwa wani kududdufi a hanyar Batagarawa, inda take ganin agwagin manoma na iyo.

Da ta sake su, suka faɗa ruwa suna nutso, suna kaɗa fikafikan da suka fara tsirowa. Ta yi ajiyar zuciya ta juya. Ba ta kai titi ba ta ji su a bayanta, a jere, jikinsu na ɗiga. Ga manyan motoci na wucewa a guje. Ta mayar da su, suka biyo ta. Ta sake mayarwa, suka sake biyowa.

Wasu magidanta masu wankin babur a bakin ruwan suna ta dariya. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, sai da jifa. In ba haka ba, har gida za su raka ki."

Ta ɗebi ɓurɓushin ƙasa ta watsa musu. Suka ɗauka abinci ne, suka ƙara matsowa. Ta ɗauki dutse, da niyyar ya faɗi a gefensu. Ya sami ta gaban, baƙa mai farin ƙirji, a tsakiyar kai. Ta yi juyi ta faɗi tana shure-shure. Sauran suka watse cikin ruwa, suka tsaya can nesa suna kallon Rashida.

Mutumin nan ya rugo yana zaro wuƙa. "Kada ta zama mushe!" Nan take ya yanka, ya ɗaga ta ta ƙafa jini na zuba. "Allah shi saka da alheri, Hajiya. Yau mun samu miya."

Ta ɗauki kwandonta ta shiga keke. Mai keken ya leƙa madubi ya ce, "Kai, ga mutanen can sun naɗe wando sun shiga ruwan kamo sauran." Rashida ba ta waiwaya ba.

Ta tarar da Malam Lawal a zaure yana jan carbi. Ya dubi kwandon da ba komai a ciki.

"To, kin huta. Ki wanke tsakar gidan nan kafin la'asar."

Ta ajiye gyale, ta jawo ruwa a rijiya, ta duƙa ta fara wankewa daga bakin ɗakinsa.