Ɗan Fito a Tafkin Temenggor

…kuma ga ta can, iska ta ɗauke ta, rigar da ke hana mutum nutsewa, tana lilo a kan ruwa kamar ledar burodi. Wa ya aiki Hussaini ya tuɓe ta ya zauna a kai? Wai mazaunansa sun yi tsami. Bakano ke nan! Mutumin da ruwan da ya sani bai wuce na buta ba, ko iyo bai iya ba, ga shi a goshin kwalekwale ya ƙanƙame katako yana salati. Ashafa yana baya da filafili a hannu. Hadari ya rufe duwatsu, sauran jirage huɗu da jagoransu Bamale, ɗan ƙasar nan, sun yi gaba, gaɓa kuwa… ina ma gaɓar take?

Kwana biyar. Kwana biyar suna bin koguna har suka faɗo tafkin nan, tanti a tsibiri, sauro, shinkafa da kifin gwangwani — kuma kwana biyar yana riƙe filafili a karkace da gangan. Yana barin jirgi ya yi ta juyi, a yi dariya, shi ma ya taya. Dakta Ashafa na gobe, ina shi ina tuƙi? A Cheras, unguwar da suke zaman karatu, kowa ya san babansa ɗan kasuwa ne. Shi ya faɗa da bakinsa. Watannin kullen annoba, su uku a gida ɗaya a hawa na sha huɗu, takunkumi rataye a ƙofa, an yi hirar duniya har ta ƙare, amma bai taɓa cewa fito ba, bai taɓa cewa kogin Kwara ba. Da aka buɗe hanyoyin jihohi Hussaini ya zo da zancen tafiyar nan, sai ya ce to, a gwada, ai bai taɓa shiga ba… Kai, ƙarya fure take!

Ƙarni, wai ƙarnin kifi. Haka suke kiransa a makarantar kwana — Ƙarni ya zo, a toshe hanci — sabulu nawa ya ƙarar a jikinsa?

Igiyar ruwa ta bugi gefen jirgi, ruwa ya shigo har idon sawu. Ta biyu tana tafe, ta fi ta farko. Jagora ya ce a riƙa sauya hannu, dama, hagu… wannan tuƙin 'yan hutu ne. Ba a ba ruwa haƙarƙari. Muryar Baba ce, a mashigar Yawuri, da ƙafa ɗaya kan bakin jirgi: ka ba shi hanci, a kaikaice, ka bar shi ya ɗaga ka.

"Sauka ƙasan jirgi! Ɗauki tukunyar nan ka kwalfe ruwa, kar ka ɗago!"

Muryarsa ce wannan, shi Ashafa? Gwiwoyinsa sun riga shi yanke shawara, sun durƙusa a gindin jirgi. Filafili ya koma gefe ɗaya, ya nutsa, ya ja, ya murɗa a ƙarshe — murɗawar nan, shekara ashirin tana ina? A wuyan hannu ta kwanta tana jira. Hancin jirgi ya juyo. Jirgi ya hau, ya tsaya a sama kamar zai yi tunani, ya gangara. Ɗaya! Ga wata… zo mana, zo, an ga yayyenki a Kwara da damina. Biyu! Ruwan sama yana dukan fuskarsa, kuma dariya yake, wallahi dariya, daɗi ya cika masa ƙirji har yana jin kunyar Hussaini da ke kuka yana kwalfa. Bakwai, takwas, ya daina lissafi. Wa ya isa? Tafkin da mutane suka tare da siminti ne zai ci ɗan Sarkawa?

Yashi ya gurji cikin jirgi.

Sun iso. Ga mutane a guje cikin ruwa har gwiwa, jagora yana ɗaga babban yatsa, "Boleh! Boleh!", wato "ka iya" a yarensu, tafi ko'ina. Hussaini ya yi rub da ciki a gaɓa, da ransa, yana amai yana hamdala. Ya juyo da jajayen idanu.

"Malam Ashafa, don girman Allah, a ina ka koyi wannan?"

Tafi… shi ake wa tafi. A kan ƙetarawa ɗaya tak, da mutum ɗaya da tanti biyu. Baba kuwa sau nawa a yini? Da buhunan albasa, da awaki, da mata masu goyo, shi da furfura har gira — wa ya taɓa tafa masa? Ba kowa. Har ɗansa.

Hussaini yana jira. Ashafa ya buɗe baki, yatsunsa sun ƙi sakin filafili, kuma amsar gajeriya ce, gajeriya ƙwarai, sai dai numfashin da zai ɗauko ta…