Farin Zare a Hannun Baba

Sati guda Baba ya yi yana haddace jawabin minti biyu. Gidan rediyon da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya ne ke bikin cika shekara hamsin. Da aka aiko masa da kati, sai ya sa a ransa za a ba shi makirufo ya ambaci abokan aikinsa da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a. Burinsa ke nan. Shi ne Mai Faci a wasan kwaikwayon da ake sawa duk Asabar da yamma a wancan lokacin. Muryarsa babu gidan da ba ta shiga ba, fuskarsa kuwa sai mu 'yan gida.

A cikin tasi ya ja min kunne. "Kada ki gaya wa kowa ko ni wane ne. In har sai kin yi musu bayani, gara mu koma gida."

Na ce to, ba don raina ya so ba.

A ƙofar zauren akwai tebur, da wata mai rajista tana taunar cingam, gabanta kwanduna huɗu na zaren ɗaurawa a hannu. Ta duba katin, ta bi takardarta da biro har ƙasa, ta zaro fari.

Na ce, "Farin na mene ne?"

"Na tsofaffin ma'aikata ne, Anti. Baranda za su zauna, an sa musu talabijin. Ja na taurari ne, su kaɗai za su hau dandamali. Shuɗi na shahararru, layin gaba. Kore na fitattu."

"To mene ne bambancinsu?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta bambancin gishiri da sukari. "Tauraro shi ne wanda in ya shigo kowa ya ɗaga waya. Shahararre sai mabiyansa sun kai dubu ɗari. Fitacce kuwa mai muƙami ne ko mai digiri."

"Sananne fa?"

"An cire shi. Ai kowa sananne ne a layinsu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina tsaye wani saurayi ya iso, wanda ya yi suna da fasa ƙwai a goshinsa yana ɗauka a waya. Ko takarda ba ta duba ba, ta miƙe ta ɗaura masa ja da hannu biyu, har da neman hoto. Na juya na ga Baba yana shafa aljihun da takardar jawabin take, wai kada ta lanƙwashe.

Na sassauta murya, abin da ban iya ba. "'Yar'uwa, dubi girman Allah. Minti biyu kawai zai yi. Wannan mutumin kafin a haife ki ake rufe shago a saurare shi."

"Anti, ni abin da aka rubuta min nake bi. Yana da shafi a intanet? In yana da shi in duba."

"Wayarsa ma mai madanni ce."

"To kin gani."

Maganar ta zo min har leɓe. Baba ya matse min hannu, na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, "Baba, to kai ka yi mata magana mana, ta ji da kunnenta."

Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Sannu da aiki, 'yata." Tun ciwon da ya yi bara muryar ta shaƙe, abin da ya rage ɗan siriri ne mai rawa. Ta amsa da "Yauwa, Baba" ba tare da ta ɗago ba, ta ɗaura masa farin, ta nuna mana baranda da biro.

Ba mu kai ga kujera ba aka buɗe taro. Lasifikar da ke saman ƙofa ta yi ƙara, sai ga tsohuwar muryar Baba, cikakkiya, tana faɗa da wani direba a kan taya. Zauren ya ɗauki tafi. Mai rajista ta ajiye biro, ta kama dariya, tana bin maganar kalma bayan kalma, ko tuntuɓe ba ta yi.

"Kakata ce ke da kaset ɗinsa," in ji ta, tana share ido. Ta dubi Baba. "Kun yi zamani da shi, ko? Kin ji, Anti, wannan shi ake kira shahararre na gaske, ba irin na yanzu ba. Allah ya ji ƙansa."

Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

Ya ce, "Amin."