Lakar Ƙarƙashin Motar Yaya

Wata bakwai Inna ta yi tana jiran ranar da za a cire mata yanar ido, ranar kuwa gobe ce, ƙarfe goma na safe, a wani asibiti mai nisan tafiyar awa uku. Likita ya faɗa wa ɗanta Tela ba ɓoye-ɓoye cewa in suka kuskure wannan rana sai wani layin, idon dama kuma ba zai jira su ba.

Motar da za ta kai su ta yayansa ce, marigayi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jigilar taki a hanyoyin gona. Tun safe Tela ya rufe shago ya wanke ta tas, har da goge fitilu da ƙyallen ɗinki. Ya fito da Inna tsakar gida ta sa albarka. Tsohuwa ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, sannan ta zura sandarta bayan tayar gaba ta ƙwanƙwasa.

"Wannan ba ƙarar ƙarfe ba ce," in ji ta. "Ka wanke mata fuska ka bar cikinta."

Ran Tela ya ɓaci, gaskiya. Ya ce ai ba wanda zai leƙa ƙasan mota a asibiti. Inna ta ce shekara talatin ubansa ya yi yana tuƙi, bai taɓa ɗaukar doguwar hanya da laka a ƙasa ba, ita ma ba za ta fara yanzu da tsufanta ba. To, wa zai ja da Inna? Ya shimfiɗa kwali ya kutsa ƙarƙashi yana ƙunƙuni.

Abin da ya tarar ya wuce laka, gini ne. Taɓon damina uku ya hau kan juna ya ƙame kamar tubali, har da tsakuwa da kara a ciki. Ya kankare da farce, ko gezau. Mutumin da ya saba warware ɗinki da tsinin almakashi, sai ya ɗauko sukudireba da guduma ya kama sara, wai a hankali yake yi. Guntaye suka riƙa faɗo masa a ƙirji, ƙura ta cika masa baki. Can ya ɓamɓaro wani ƙaton dunƙule kusa da tayar baya, sai ya ji wani abu mai santsi yana ɗiga masa a goshi.

Ya shafa ya duba. Mai ne. Ya tabbata da hannunsa ya huda wani abu, ya jawo wa uwarsa makanta ta dindindin. Ko takalmi bai tsaya sawa ba ya nufi gidan Gajere, maƙwabcinsu makanike, wanda ke haya da tasa tsohuwar motar idan gyara ya yi ƙasa.

Gajere ya zo, ya kalli gudumar, ya kalli Tela, ya tambaye shi ko rijiya yake haƙawa. Ya ce busasshiyar laka jiƙa ta ake yi. Suka tsoma buhuna a ruwa suka cusa ta ko'ina, suka bar su kusan awa ɗaya, suna ƙara yayyafi, har lakar ta yi laushi ta fara sakin jiki. Sannan ya fasa wani katako ya ba Tela ɓari, ya ce da wannan ake kankarewa, ƙarfe ba ya taɓa wurin. Suka yi ta yi har la'asar, taɓo ya cika bokiti huɗu.

Da ƙasan ya fito fili Gajere ya jawo hannun Tela ya ɗora a kan wani siririn bututu. Ya ɗan matsa, abin ya marmashe a yatsunsa.

"Bututun birki ne. Ba kai ka huda shi ba, tsatsa ce ta cinye shi tun tuni, lakar ce ta toshe ramin. Da kun kai gangaren farko ka taka da ƙarfi, da ƙafarka ta tafi har ƙasa."

Tela ya saki bututun. Yana kwance a kan jiƙaƙƙen kwali yana ta hamdala a zuci. Amma murna ta koma ciki da suka zagaya shagunan kayan mota uku aka ce irin wannan bututun sai an aiko da shi, kwana biyu ko uku. Kunya ta hana shi kallon Inna da suka dawo.

Gajere ya ɗauki sifana ya fita. Bayan rabin awa sai ga shi da bututu a hannu yana ɗigar mai. Daga tasa motar ya kwance, don ƙirarsu ɗaya. Tela ya ce to gobe da me zai fita haya? Ya ce motarsa ta daɗe tana neman hutu.

Suka ɗaura bututun. Saura fitar da iska daga birki, aikin mutum uku: ɗaya a ƙasa, ɗaya yana zuba mai, ɗaya yana taka feda. Suna shawarar wa za su kira, Inna ta ce a kama mata hannu, ta sha yi wa ubansu. Ta zauna kujerar direba ta cire takalmi. Gajere na kira daga ƙasa, taka Inna, riƙe Inna, tana bi daidai ba kuskure, har fedar ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafarta ta ce birki ya kama.

Gajere ya fito, laka har gira, yana neman sulalewa kafin a fara godiya. Inna ta laluba ta kamo hannun rigarsa, ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa. Sannan ta juya wajen da take jin numfashin ɗanta.

"Ranar da aka kwance min bandeji, kada ka fara kai ni gida. Ka tsaya da ni ƙofar yaron nan. Shekara shida ina amsa gaisuwarsa, ban san fuskarsa ba."