Sigina Huɗu

Ni na sa wa mashin ɗin Safiyanu sababbin sigina ranar Juma'a, ranar Litinin ya rasu a kansa. Gara in faɗi wannan tun farko, don na daɗe ina zagaye maganar, na gaji.

Sunana Ukasha. Aikin waya nake yi a Ikara, rewaya kamar yadda ake kiranmu, a wata rumfa kusa da tasha. In fitilar mashin ta mutu, ko ham ya daina ƙara, ko batir ya ƙi riƙe caji, wurina ake zuwa. Shekara goma sha huɗu ina yi, kuma ba yabon kai ba, na iya. Abin da ban iya ba shi ne ganin layi. In na ɗaga kai na ga mashina huɗu suna jira, masu su suna ta tsaki, sai hannuna ya fara gaggawa.

Safiyanu mutumin Janfalan ne, manomin tumatir, ɗan gayu na ƙarshe. Abokansa kan ce mashin ɗinsa ya fi shi yawan wanka. Ya zo mini da ƙwayayen sigina huɗu a leda, irin na LED ɗin nan da samari ke yayi, masu haske ƙal da ba sa shan batir. Ya ce in cire masa tsofaffin, wai haskensu kamar na aci-bal-bal.

Na cire, na sa sababbin. Na canja filasha, ɗan akwatin da ke sa su ƙiftawa, don tsohon ba ya tafiya da irin waɗannan. Sai na danna hagu in gwada. Duka huɗun suka kama ƙiftawa, gaba da baya, hagu da dama. Na danna dama, haka nan.

Na san dalili tun kafin ya tambaya. A cikin mitar da ke gaban mashin akwai wani ɗan koren ƙwai da ke nuna wa mai tuƙi cewa sigina na kunne. Guda ɗaya ne, kuma wayar hagu da ta dama duk a jikinsa suka haɗu. 'Yar wutar da ke tsallakawa ta nan ba ta isa ta kunna tsofaffin ƙwayaye ba, amma waɗannan sababbin ko ƙanshin wuta suka ji sai su kama. Maganin ba wuya. Ko a sa wani ɗan abu da muke kira dayod ya tare wutar, ko a buɗe mita a zare ɗan koren kawai. Noti biyu ne.

Safiyanu ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Oga Ukasha, ka mai da ni ayarin manya ke nan!"

Na ce, "Ba daidai ba ne. Sai na sa dayod, kuma babu a hannu."

"To a bar shi haka mana, wallahi ya yi kyau."

"Ka dawo ran Talata."

"In Allah ya kai mu."

Na dubi layi, ga lokacin masallaci ya matso. Na bar shi ya tafi. Zare ɗan koren nan ba zai ɗauke ni minti biyar ba.

A hanyoyinmu, in mutum ya iso mararraba ya kunna duka huɗu, cewa yake miƙewa zai yi. Ba a rubuce take a ko'ina ba, amma duk direba ya san haka, ni ma na sani. Ranar Litinin da la'asar Safiyanu ya iso wata mararraba a hanyar Makarfi, zai juya hagu. Akwai a-kori-kura cike da rake a bayansa. Direban ya fito ta hagu zai wuce shi, daidai lokacin da shi kuma ya karya kan mashin. Motar ta buge shi. Kafin a isa asibiti ya cika.

Ina cikin ɗaure wa wani batir aka zo aka faɗa mini. Na ce inna lillahi, na gama ɗaure batir ɗin, na goge hannu. Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na je jana'iza, aka ɗauki makara da ni, na zuba ƙasa. Duk kamar aike aka yi mini.

Ranar sadakar uku ina zaune a ƙofar gidan mahaifinsa, Malam Iliyasu, sai ga direban ya zo ta'aziyya da wasu dattawan tasha biyu. Sunansa Yunana, a Makarfi yake zaune, ya daɗe yana jigilar rake a yankin nan. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban tsohon, ya yi gaisuwa. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai ya ce, "Baba, Allah ya sani, huɗu ya kunna. Na ɗauka miƙewa zai yi."

Malam Iliyasu ya dube shi ya ce, "Jinin ɗana na yafe maka. Ni na je wurin 'yan sanda na ce a sake ka, kwanansa ne ya ƙare. Amma ka biyo shi har ƙofar gidansu ka ɗora masa laifi yana kabari, wannan ban yafe ba."

Wani daga cikin samari ya ce ƙarya ce tsagwaronta, irin wannan mashin ba shi ma da madannin kunna huɗu. Wani ya ce ga rewaya nan zaune, a tambaye shi. Sai idanu suka dawo kaina.

Malam Iliyasu ya ce, "Ukasha, mashin ɗin Safiyanu yana da madannin huɗu?"

Na ce, "Ba shi da shi, Baba."

Gaskiya na faɗa, ba shi da shi. Na rufe baki a nan. Na yi zaton wani cikin abokansa zai ce ya taɓa ganin fitilun, amma in ma akwai wanda ya gani, bai tanka ba. Wa zai tsaya wa direba a zaman makokin abokinsa? Dattawan suka ɗaga Yunana suka tafi da shi. Aka zagayo da gero da dabino na sadaka, na karɓi nawa na sa a aljihu.

Daga nan labari ya riƙa zuwa mini har rumfa, don babu abin da 'yan acaɓa ba sa kawowa. An sa masa suna Yunana Huɗu. Masu rake sun daina ba shi lodi, wai wanda zai yi wa gawa ƙarya me zai hana ya yi wa mai rai. Daga baya aka ce ya jingine motar gaba ɗaya. Ina ji, ina fere waya, ina cewa Allah ya kyauta. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa aiki. Matata Mukarrama ta tambaye ni sau biyu ko lafiya nake, don ta ga na cinye tuwo ban lura babu gishiri a miya ba. Na ce lafiya lau. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin tsoro, ba na jin komai, kuma wannan ne kaɗai ya ɗan dame ni.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki Malam Iliyasu ya aiko da mashin ɗin a bayan mota. Ya ce ya gaji da ganinsa a karye a zaure, a gyara. Makanikin da ke maƙwabtaka da ni ya miƙe ƙarfe ya canja taya, ya turo mini nawa ɓangaren. Siginar baya ta hagu ta farfashe, na sa sabuwa irinta. Na yi wa batir caji. Na danna hagu. Huɗun suka kama, tsaf kamar ran farko.

Na ɗauko sukudireba na kwance notin nan biyu. Ga ɗan koren ƙwan nan, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na kama shi da yatsu biyu. In na ja, shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani har abada, Yunana ya zama maƙaryaci har ya mutu, ni kuma in ci gaba da zama Oga Ukasha. Na daɗe riƙe da shi. Sai na sake shi, na mayar da murfin na ɗaure. Zan so in ce tausayi ne ya kama ni, ko tsoron Allah ya taso mini, amma ban ji ko ɗaya ba. Hannuna ne kawai ya mayar da noti.

Washegari da hantsi na hau mashin ɗin zuwa Janfalan. Na sami tsohon a zaure kan buzu. Na durƙusa muka gaisa, ya gida, ya aiki, ya ƙarin haƙuri. Ya sa mini albarka da na kawo da kaina. Na ce, "Baba, akwai abin da nake so ka gani a waje."

Ya fito yana dogara sanda. Na ce ya tsaya ta baya. Na murɗa makulli, na nuna masa babban yatsana a kan madanni, na tura hagu.

Ya kalli fitilar hagu, ya kalli ta dama. Ya zaga gaba ya duba, ya dawo.

"Hagu ka danna?"

"Hagu, Baba."

"Faɗuwar ce ta ɓata shi?"

"A'a. Haka ya bar rumfata. Ni na sa su, na ga haka, na ce ya dawo ran Talata."

Na bayyana masa maganar ɗan koren ƙwai da noti biyu, ban rage komai ba. Muryata kamar ina gaya wa mai mashin abin da ya lalace. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Kashe." Na kashe. Ya shiga gida ya bar ni tsaye a rana, har na fara tunanin ko in ajiye makulli in tafi. Can sai ga shi da babbar riga da hula.

Ya ce, "Ka san gidan direban?"

"Zan tambaya."

"Tayar."

Har muka isa Makarfi bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya riƙe. Muka yi tambaya wajen masu rake, aka kwatanta mana. Ga motar a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kiwo ƙarƙashinta. Yunana na zaune gindin darbejiya yana ɓarar masara a kwano. Ya rame ƙwarai. Da ya ga mashin ɗin ya gane shi kafin ya gane mu, ya miƙe har masarar ta zube. Matarsa Veronica ta leƙo, ta koma ta kawo benci da ruwa, ta tsaya bakin ƙofa.

Tsohon bai zauna ba. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ce, "Zo ka tsaya a bayansa." Ya dube ni. Na danna hagu.

Yunana ya yi ta kallo. Ya tsuguna don ya zo daidai da fitilun, ya ci gaba da kallo.

Ya ce, "Haka ne. Haka na gani." Ya share fuska da tafin hannu. "Baba, na daina faɗa wa kowa, har ita. Na fara yarda cewa ni na ƙirƙira a kaina don in sami sauƙi."

Malam Iliyasu ya ce, "A gaban mutane na ƙaryata ka. Ka yafe ni."

"Haba Baba. Ai duk da haka ni na buge shi."

"Wannan mun gama shi tuntuni."

Sai Yunana ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kai aka tambaya ran nan."

"Ni ne."

"Kai ka sa su?"

"Ni na sa."

Ya gyaɗa kai kawai. Na tsaya ina jiran mari, ko zagi, ko a ce a kira hukuma. Da an yi ɗaya daga ciki da na ji daɗi, wallahi da na ji daɗi. Amma ya kawar da kai kamar ya gama da ni.

Tsohon ya nuna tamfol da sandarsa. "Motar nan tana tashi?"

"Tana tashi, Baba. Ni ne ban iya shiga ba."

"To yau za ka shiga. Kai ni gida. Ka bi ta tasha, a hankali, kowa ya gan ni."

Yunana ya dubi matarsa, ta shiga ta ɗauko makulli. Ya janye tamfol ɗin, ga loɓar haɗarin nan a gefen dama na gaba, ba a ma buga ta an gyara ba. Malam Iliyasu ya wuce ta gefenta, ya ɗora tafinsa a kai na ɗan lokaci, sannan ya buɗe ƙofa ya tattare rigarsa ya zauna. Sai a karo na uku injin ya kama. Suka fita a hankali suka hau titi. Babu wanda ya ce in biyo su, babu wanda ya ce kada in biyo.

Ban san iya daɗewar da na yi a tsaye ba. Veronica ta durƙusa ta tsince masarar da ta zube, ta ɗauke benci da kofin ruwan da ba wanda ya sha. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

Ta ce, "Malam, ka kashe fitilar nan. Mun gani."