Shanyar Baban 'Yan Biyu

Baban 'Yan Biyu ya matse zanen, ya karkaɗe shi, ya rataya a kan igiya daidai inda zai leƙo ta saman katanga. Ya bi shi da ƙananan riguna biyu iri ɗaya, da gajerun wanduna, da safa. Duk kayan nan babu wanda ya taɓa jikin mutum. Tsoma su kawai yake yi a ruwa ran Asabar da tsakiyar mako, ya shanya, masu wucewa su gani.

Unguwar ta masu iyali ce, haka aka rubuta a allon bakin get. Tituna a share, kowane gida da 'yar bishiyarsa, ga filin wasa da lilo, ga tudun rage gudu kowane taku kaɗan saboda yara. Kwamitin unguwa ya yi yarjejeniya da masu gidaje cewa ba a ba gwauro haya. Shi kansa ya ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar, har da yin jawabi a kan tarbiyya.

Tun bara matarsa ta kwashi 'yan biyun ta koma gidan yayanta a birni. Ba duka, ba zagi. Cewa ta yi ta gaji da auren ƙarar ƙofa: da asuba ta ji an rufe, bayan yara sun yi barci ta ji an buɗe. Ya ce mata duk mazan unguwar haka suke, hanya ce ke cinye su, shi kuma injin buga takardun da yake tsayawa a kansa ba ya jiran kowa. Ta ce ita ba duk mazan unguwar ta aura ba.

Bai bi ta ba. Girman kai ya ce masa fushin mace ne, zai huce. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe gidan, don ranar da ta sauko ta samu inda za ta dawo. Sai ya ce wa maƙwabta surukarsa ce ba lafiya, Maman 'Yan Biyu tana jinya, tana zuwa tana komawa. Kuma da yake mutum ne mai lissafi, ya san yara suna girma, mace kuma ba ta dawwama a zane ɗaya. Kowane 'yan watanni sai ya biya kasuwa ya sayo riguna da suka ɗara na baya, da sababbin zannuwa, har da takalma da yake jerawa a bakin ƙofa. Wayon nan yana burge shi ƙwarai.

Yana cikin ɗauraye bokiti aka ƙwanƙwasa. Shugaban kwamiti ne, dattijo mai sanda wanda ya yi ritaya ya rasa wanda zai mulka sai unguwa. A bayansa Mai Kemis ne, ɗaya daga cikin maza ukun da Baban 'Yan Biyu ke ɗauka a motarsa zuwa birni kullum. Ko kuma a ce a da yake ɗauka, don tun da doguwar bas ta fara shigowa har bakin get a farkon watan nan, kujerunsa suka koma wayam.

"Sannu da aiki," in ji Shugaba, yana kallon igiyar. "Wanki ake yi?"

"Eh, Baba. Maman yara ce ta bar shi, jiya ta leƙo."

Mai Kemis ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Shugaba ya gyara murya.

"Ɗana, mu bar wahalar da juna. Hayarka za ta ƙare ƙarshen wata, mai gida kuma ya tambayi kwamiti. Ka san doka, da kai aka yi ta."

"Ai ina da iyali, Baba."

"Kana da igiya dai," dattijon ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Gidan da yara suke ana jin kuka. Ana ganin ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabci. Kai naka shiru kamar ofis ran Lahadi."

Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya juya ga Mai Kemis.

"Kai ma ka sani?"

"Wallahi kowa ya sani, tun makon farko. Mun ga dai ba ka son a yi maganar, sai muka rufa maka asiri."

"Kullum da safe ka shiga motata ka ce mini ya iyali."

"To me zan ce? Gaisuwa ce."

Baban 'Yan Biyu ya yi wata dariya marar daɗi. Shekara guda suna zaune a bayansa suna gyangyaɗi, yana ratsa musu cunkoso, asirinsa a rufe ruf. Bas ta zo, asiri ya buɗe. Bai faɗa ba, amma sun ji, don Mai Kemis ya fara duba agogo.

"Ba korarka muke yi ba," in ji Shugaba. "In ta dawo kafin ƙarshen wata, magana ta mutu. In ba haka ba, akwai wani ƙanen matata da yaransa huɗu, sun daɗe suna neman wuri."

Da suka fita ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya zaro waya. Ya daɗe yana kallon lambar matarsa. Abin da ke shiga tsakaninsu duk wannan lokaci bai wuce saƙon kuɗin makaranta da amsar "an gani" ba. Ya danna.

"Lafiya?" ta ce. Muryarta ba fushi, wannan ya fi ba shi tsoro.

"Lafiya lau. Ya yara?"

"Suna nan."

"Maman 'Yan Biyu, ki dawo gida. Don Allah. Na yi kuskure, zan nemi canjin aiki, zan..."

"In dawo in zauna ina? Ita kuma fa?"

"Ita wa?"

"Mai zannuwan."

Ya ɗaga kai ya dubi igiyar. Ruwa yana ɗiga daga bakin wani zane mai ruwan goro da ya saya a watan jiya.

"Na dawo ai," ta ce. "Bayan hutun makaranta. Yaya ya yi ta yi mini faɗa, na haɗa kayanmu, na ɗauko tasi da yaran, na ce in ba ka mamaki ka dawo aiki ka same mu. Muna tsayawa na ga zannuwan da ban taɓa gani ba a igiyata. Ga rigunan yara da ba na 'ya'yana ba, ga takalma a bakin ƙofa. Yaran suna tambayata su waye a gidanmu. Ko jakar ban sauke ba."

"Ba kowa! Wallahi ba kowa, ni nake saya ina shanyawa, don kada a karɓe gidan, don ki samu..."

Ya ji numfashinta, ya ji ƙarar talabijin da muryar ɗaya daga cikin yaran can ciki.

"Ka iya zuwa kasuwa ka zaɓo wa matar da babu ita zane," ta ce a hankali, "amma ba ka iya tsallaka titi biyu daga wajen aikinka ka ce mini yi haƙuri ba."

"Ban san kin zo ba. Da na sani..."

"Maƙwabciyarka ta sani. Tana tsaye a ƙofarta ranar. Na tambaye ta ko an yi sabuwar uwar gida ne, ta ce ita ba ta shiga sha'anin gidan mutane." Ta ja numfashi. "Na samu aiki, na kama ɗaki kusa da makarantarsu, sun saba. Na riga na gama kukana, Baban yara. Ka zo ka gan su duk ranar da ka ga dama, amma ni kam ba zan dawo ba."

Ta kashe. Ya zauna da wayar a hannu. A titi yaran unguwa suna tsere da kekuna, wata uwa tana ƙwala wa nata kira. Iska ta taso, gari ya fara rufewa.

Kan maƙwabciyar ya ɓullo ta saman katanga, hannunta cike da nata wankin, fuskarta ɗauke da fara'a.

"Baban 'Yan Biyu, hadari fa ya haɗu," ta ce. "Ka kwashe wa Maman yara shanyarta kada ta jiƙe."