Duna a Bakin Kwata

"Wallahi ba ni ɗaukar kare," in ji mai keken. "Hajiya, da alwalata nike."

"Ba ya taɓa ka, Malam. Dubi rigarshi, karen makafi na. Horo aka yi mai."

Bai ma dubi rigar ba, ya ja kekensa. Shamsiyya ta gyara goyo, ta naɗe igiyar a hannu, ta kama hanyar asibiti a ƙasa. Duna na biye, baƙi wuluk, kafaɗarsa daidai gwiwarta.

Ba karenta ba ne. Na Baba Sodangi ne, tsohon mahaucin da katanga ɗaya ta raba su a Mabera. Da wata ƙungiya ta nemi masu rainon 'yan kwikwiyo don makafi, shi kaɗai ya karɓa a unguwar. Mutane suka rage zama a tabarmarsa. Ita kanta Shamsiyya ta hana 'yarta Ihsan leƙa gidan, har ranar da yarinyar, wadda ganinta ke dushewa, ta faɗa kwatar ƙofar gida ta fasa haɓa.

"Ɗiyata," ya ce mata a ranar, "wa kike zaton nika rainon wanga kare dominta?"

Kullum da hantsi yakan zaga da shi, domin kare ba ya koyon cunkoso a tsakar gida. A kore su daga kanti, a kore su daga tasha, gobe su koma. A bakin kowace kwata Duna zai tsaya cak, sai tsohon ya ce "Tahi."

Yanzu ciwo ya kwantar da shi, kuma abu ɗaya yake ta roƙo: a kawo masa Duna asibiti ya gan shi.

Mai gadin asibitin ya tare ƙofa da sanda. "Ko rawani ya naɗa, kare kare ne."

Ba ta tsaya musu ba. Ta zaga bayan katangar waya, inda tagogin ɗakin maza ke kallo, ta kira Umar Faruk, ɗan tsohon, a salula.

"Buɗe taga, ka tada mai kai."

Fuskar da ta bayyana ta rame har ta ba ta tsoro. Wani siririn fito ya fito daga tagar. Duna ya miƙe kunnuwa, amma bai ja igiya ba. Ya zauna, kamar yadda aka koya masa.

"Kin gani?" Muryar Baba Sodangi ta zo ta salular, da ƙyar. "Ja'iri ya iya. Kasuwa ɗai ta rage mai. Kar ki bari ya zauna gida, ko sun kore ki."

"Kai za ka kai shi, Baba."

"Uhm," ya ce.

Washegari bayan azahar aka fito da shi a makara. Maza suka bi, mata suka tsaya a zaure. Da layin ya yi shiru, Shamsiyya ta sa wa Duna rigarsa, ta ɗora hannun Ihsan a kan igiyar, nata a sama.

A bakin kwatar ƙofar gidan Duna ya tsaya. Ya waiga wajen da tabarmar tsohon take jingine, ya jira.

"Umma, mi ya tsai da shi?"

Shamsiyya ta dubi tabarmar. Ihsan ta lalubo kunnen karen, ta sunkuya.

"Tahi," ta ce a hankali.