Kurciyar Baranda

Tun da Baba ya sauka gidana a Park Hill, nan Amurka, abu ɗaya yake nema a duniya: Hanan ta yi masa magana. Hanan 'yata ce, shekararta tara. Tana jin Hausa sarai, amma bakinta Turanci kaɗai yake fitarwa. In ya tsokane ta da "Amaryata, ina tuwona?" sai ta yamutsa fuska ta ce, "Mommy, he's weird," ta shige ɗaki. Shi ya yi ta dariya don bai san me ta ce ba. Ni da na sani, raina ne ke ɓaci.

Mahaifin nawa, Malam Barmo, fa ba ƙaramin mutum ba ne a tsibirinmu na Tafkin Chadi, kafin masu bindiga su tashe mu. Tsuntsu yake kamawa. Ya murza gashin wutsiyar doki ya yi zarge, ya jera a jikin igiya, ya binne cikin yashin bakin ruwa, ya barbaɗa gero, sannan ya lafe cikin ciyawa har rana ta ƙone masa ƙeya. Kuma a wurinmu, duk tsuntsun da yaro ya nuna da yatsa na yaron ne. Mai tarko ya kamo, ya gasa, ya kai masa da hannunsa. Shi ya sa yaran tsibirin ke binsa zugui-zugui. Yau ga shi a saman bene, ba tafki ba yara, sai kallon motoci.

Ana nan sai wata kurciya ta fara sauka a barandarmu. Hanan kan zuba mata ɓarɓashin burodi in ta dawo daga makaranta. Wata rana ta jawo hannun rigar Baba, ta nuna masa ita da yatsa, tana murmushi. Karon farko ke nan da ta taɓa shi. Tsohon nan har hularsa ya gyara.

"Zalika," ya ce da ni da yamma, "ki taho mini da ragowar gashin nan na wurin aikinku."

Kitso nake yi a wani shago a Harlem, ragowar gashin kanti kuwa shara ce. Na kawo masa, na ɗauka tasbaharsa ce ta tsinke.

Ranar Juma'a na biya na ɗauko Hanan. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin gasasshen nama ya tare mu. Baba na tsaye a falo da farar rigarsa ta Sallah, riƙe da faranti. Ashe zarge ya yi da gashin nan ya kama kurciyar. Ya fige ta tsaf, ya gasa, ya barbaɗe da yaji, har albasa ya yanka a gefe. Gashin fuka-fukan na tare a kan jarida a bakin baranda.

"Amaryata," ya ce, ya ɗan rusuna, "ga wadda kika nuna. Da bismilla na yanka miki ita."

Hanan ta dubi farantin, ta dubi jaridar. Ihun da ta yi, sai da maƙwabciya ta buga mana bango. Mijina Habibou ya fito daga ɗaki yana faɗa: "Baba, nan Amurka ce fa! So kake a kira mana police?" Shi da ba ya cin shinkafa sai da kaza, wai yau shi ne mai tausayin tsuntsu. Na ji kamar in shaƙe shi. Na ji haushin garin nan ma baki ɗaya, inda ake ciyar da kurciya kullum amma tsoho ya wuni ba wanda ya tambaye shi ya kwana.

Baba bai ko dubi Habibou ba. Ya matsa kusa da yarinyar, yana cewa, "Mi ya faru? Ko yajin ya yi yawa?"

Ta ja da baya, ta share majina, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai mugu ne," ta ce. "Na tsane ka. Ka koma garinku."

Ta ruga ɗaki ta banko ƙofa. Baba ya daɗe a tsaye, man naman na ɗiga a kan rigarsa. Can ya juyo gare ni, idanunsa sun yi ja, yana ƙoƙarin murmushi.

"Kin jiya, Zalika? Ashe Hausarta ta fita sarai."